Yaro mai galahanga da wasa: me ake iya koya masa, kuma ta wace hanya?

Za a iya koya wa ƙaramin yaro mai larurar galahanga, wato otizim, yadda zai yi wasa da mutane ya kuma saba da hulɗa da su? In za a iya, wa zai koya masa, da wace dabara, kuma har ina ake so ya kai? Duk shekara idan ranar 2 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke wayar da kai kan wannan larura tun daga 2008, maganar kan taso a kafafen labarai da shafukan sada zumunta. Su kuwa iyayen da ke kwana da irin wannan yaro a ɗaki, kullum suna tare da tambayar. Tana zo musu duk lokacin da yara suka taru suna guje-guje, nasu yana gefe yana jera murafan kwalba a layi, ko ya kifar da motar wasa yana ta juya tayarta.

Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin mutane. Wasu su ce a riƙa tura shi cikin yara, yau da gobe zai koya. Wasu kuma su ce sai an zaunar da shi an matsa masa, an raba shi da duk ɗabi'ar da ta bambanta shi, kafin ya zama kamar kowa. Shawara ta farko takan bar yaro shi kaɗai a tsakiyar taro. Ta biyun takan sa ya tsani zama da manya. Abin da binciken shekaru ashirin ɗin nan ya fi goyon baya shi ne: ana koyar da wasa da hulɗa, ƙwarai kuwa, amma daga abin da yaron ya riga yake so ake farawa, kuma rabin koyon yana wuyan manya da sauran yaran da ke kewaye da shi.

Me ake nufi da galahanga?

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun farkon rayuwa. Likitoci na gane ta da alamomi iri biyu. Na ɗaya, wahala wajen sadarwa da hulɗa: fahimtar fuska da muryar mutum, mayar da zance, nuna abu da hannu. Na biyu, maimaita motsi ko magana, nacewa kan tsari ɗaya, tsananin sha'awar wani abu guda, da kuma jin sauti ko haske ko taɓawa fiye ko ƙasa da yadda sauran mutane ke ji. Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana ta a 1943 bayan ya bibiyi yara 11. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe nau'o'in da a da ake rarrabawa a ƙarƙashin suna ɗaya, don larurar hawa-hawa ce: akwai mai zuba surutu kamar babba, akwai wanda kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da larurar. A Amurka, rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC na 2025 ya ce 1 cikin 31 ne a tsakanin 'yan shekara takwas, alhali alƙaluman shekarar 2000 sun nuna 1 cikin 150. Babban ɓangare na wannan hauhawa ya zo ne daga faɗaɗa ma'anar larurar da kuma yawan gwaji. Game da musabbabi, gado ne kan gaba: wani bincike na 2019 da ya duba mutane fiye da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ɗora wa gado kusan kashi 80 cikin 100. Ba sakacin uwa ko rashin tarbiyya ke kawo ta ba. Zargin da aka yi wa allurar rigakafin ƙyanda kuwa ya samo asali ne daga wata maƙala ta 1998 da mujallar Lancet ta janye a 2010, kuma binciken da aka yi kan yara fiye da 650,000 a Denmak a 2019 bai ga wata alaƙa ba.

Tarayyar hankali: inda al'amarin ke farawa

Idan ana maganar hulɗa, hankalin mutane kan tafi ga gaisuwa, ladabi, da zama shiru a gaban baƙi. Masana girman yara suna duba wani abu da ya riga waɗannan duka. Jirgin sama ya wuce, jariri ɗan wata goma sha biyu ya ɗaga yatsa ya nuna, sannan ya juyo ya kalli fuskar uwarsa, ya sake komawa ga jirgin. Ba ya neman a ba shi jirgin. So yake ta ga abin da ya gani, su ji daɗinsa tare. Wannan shi ake kira tarayyar hankali, kuma yakan fara bayyana tsakanin wata tara zuwa goma sha biyu.

A daidai wannan lokaci ne uwa ke cewa "jirgi!", kalmar ta faɗa kan abin da idanunsu biyu ke kallo. Da haka yara ke tara kalmomi, sau ɗaruruwa a mako, ba tare da kowa ya zauna koyarwa ba. Yaro mai galahanga yakan yi ƙarancin wannan juyowa. Zai iya kama hannun babba ya ja shi zuwa abin da yake so, zai ma iya nuni don a miƙo masa, amma nuni don kawai a gani tare yana wuya a wurinsa. To, duk juyowar da bai yi ba, kalma ce da darasin fuska suka wuce shi. A shekarun 1990 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Birtaniya sun gano cewa abubuwa uku ne suka fi fito da larurar a ɗan wata 18: rashin nuni don a gani tare, rashin bin inda babba ke kallo, da rashin wasan kwaikwayon rayuwa, irin ba 'yar tsana ruwa da kofin da babu komai ciki.

Nan ne shawarar "a tura shi cikin yara" ke rushewa. Yaran da ke koyo ta zama cikin 'yan'uwansu suna koyo ne domin idonsu na kan juna: wa ya yi dariya, wa ya ɓata rai, juyin wa ne yanzu. Wanda hankalinsa bai saba zuwa kan fuskoki ba zai iya shafe shekara a cikin taro bai ɗauki komai daga ciki ba, sai ma hayaniyar ta dame shi. Kada kuma a fassara wannan da cewa ba ya son mutane. Da yawansu na matuƙar ƙaunar iyayensu, suna kuma son a yi da su; hanyar shiga ce ba su samu ba.

Wasa ma yana da matakai

Wasa da abubuwa yana tafiya ne daki-daki. Yaro kan fara da taɓawa, bugawa, jefarwa, kai abu baki. Daga nan ya koma haɗa abu da abu: zuba tubala cikin gwangwani, juye su, ɗora ɗaya kan ɗaya. Sai amfani da abu yadda aka yi shi, wato tura mota, kai waya kunne. Can gaba ne ake kaiwa ga kwaikwayon rayuwa, inda kwali ke zama gida, 'yar tsana ta yi rashin lafiya a kai ta asibiti.

Wasa da mutane shi ma haka. Mildred Parten ta jami'ar Minnesota ta bayyana matakansa a 1932, kuma har yanzu malaman ƙananan yara na amfani da bayaninta: wasa shi kaɗai, tsayawa kallon masu wasa, wasa kusa da wani kowa da nasa, wasa da musayar kaya ba tare da tsari ba, sannan wasan haɗin gwiwa mai doka da rabon aiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna yaro da shekarunsa. An ga ya kai huɗu, sai a sayo masa kayan likita na roba a ce ya duba 'yar tsana, alhali shi har yanzu daɗinsa yana ga zubawa da juyewa. Ya ƙi, a ce ba ya wasa. Yana wasa, matakinsa ne daban. Wanda ke zuba tubala a gwangwani, abin da ke gabansa shi ne zuba su a bayan motar wasa, ko miƙa wa wani ya zuba. Wanda ya fara yarda wani yaro ya zauna kusa da shi kowa na harkarsa, ya riga ya ci wani mataki, ko da ba su ce wa juna uffan ba.

Daga teburin horo zuwa tabarmar wasa

Hanyar da ta fara yin suna ita ce ta Ivar Lovaas na jami'ar UCLA a Amurka, reshe na fannin sarrafa ɗabi'a da aka fi sani da ABA. Ana zaunar da yaro a teburi, a yanka kowane darasi ƙanana-ƙanana, a ba da umarni, in ya yi daidai a ba shi lada. A 1987 Lovaas ya wallafa cewa cikin yara 19 da aka yi wa horon awa 40 a mako, 9 sun shiga aji na yau da kullum ba tare da an bambanta su ba. Wannan adadi ya zagaya duniya, kuma shi ne tushen maganar "awa arba'in" da iyaye ke ji har yau. Sai dai ba da ƙuri'a aka raba yaran binciken tsakanin waɗanda aka yi wa cikakken horon da waɗanda aka kwatanta su da su ba, kuma tsarin na lokacin ya haɗa da tsawa da mari a cinya. An kuma lura da wata matsala: yaro ya iya cewa "mota" in an nuna masa kati a teburi, amma ya ga mota a titi bai ce komai ba. Darasin ya maƙale a inda aka koya shi.

Wannan ya sa masu bincike suka sauko da koyarwar ƙasa, cikin wasa da harkokin gida. Connie Kasari, ita ma ta UCLA, ta gwada yara 58 'yan shekara uku zuwa huɗu a wani bincike da aka wallafa a 2006. An koya wa wasu tarayyar hankali, wasu wasan kwaikwayon rayuwa, minti 30 kullum na mako biyar zuwa shida. Da aka waiwaye su bayan shekara guda, rukunonin biyu sun fi waɗanda ba a koya wa ba ci gaba a magana. Daga wannan aiki aka samu tsarin JASPER. Sally Rogers da Geraldine Dawson kuma suka fito da tsarin Denver na farawa da wuri. Gwajinsu na 2010 kan yara 48 'yan wata 18 zuwa 30 ya nuna ci gaba a fahimta da magana bayan shekara biyu, ko da yake da aka maimaita shi a cibiyoyi uku a 2019 ribar ba ta kai ta farko ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne gwajin PACT da Jonathan Green na jami'ar Manchester ya jagoranta a Ingila kan yara 152, aka wallafa a 2010. A nan ba yaron ake koya wa kai tsaye ba. Ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da ɗansu, sannan su zauna da ƙwararre su kalla tare, suna neman ƙananan saƙonnin da yaron ya aiko aka tsallake: wani ɗan kallo, miƙa hannu, wani sauti. Da farko sakamakon bai yi armashi ba a ma'aunin alamomin larurar, amma iyaye sun ƙara iya amsa wa 'ya'yansu, yaran kuma sun ƙara fara hulɗa da kansu. Bayan kusan shekara shida, a 2016, aka sake duba su, aka tarar alamominsu sun fi na yaran da ba a horar da iyayensu ba sauƙi. An gwada irinsa a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya marasa ƙwarewa ta musamman suka koyar da iyaye, aka kuma ga irin wannan sauyi a hulɗar iyaye da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata shirin horar da masu reno, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zama tara na rukuni da ziyarar gida uku. An gwada shi a ƙasashe da dama har da Habasha da Kenya, kuma a 2022 aka sa shi a intanet kyauta.

Yadda abin yake a aikace

Sunayen tsare-tsaren sun bambanta, amma in aka zauna aka kalli yadda ake yinsu, dabarun kusan ɗaya ne.

Ana farawa da kallo. Kafin a ce komai, a zauna ƙasa, fuska da fuska, a ga me yaron ke yi kuma me ke ba shi daɗi a ciki. Mai juya taya, juyawar yake so ko ƙarar? Mai jera murafai, launi yake bi ko girma? Daga nan sai a kwaikwaye shi. A samo mota ta biyu, a kifar, a juya tayarta kamar yadda yake yi. Kada a karɓe tasa. Yara da yawa da ba su cika kula mutum ba sukan ɗago su duba in suka ga wani na yin abin da suke yi, kuma wannan ɗagowa ita ake nema. Idan ta samu, a raka ta da kalma ɗaya: "Juya!" Ya tsaya, a tsaya. Ya ci gaba, a ci gaba. Tun nan an fara karɓa-karɓa, ko da shi bai san sunanta ba.

Bayan ya saba, sai a ƙara abu ɗaya tak. A juyo da motar a tura masa ita. In ya karɓa ya turo, an samu sabon wasa. In ya ture ko ya juya baya, a koma ga juya taya, wata rana a sake gwadawa.

Ga yaron da kayan wasa ke cinye hankalinsa gaba ɗaya, wasannin da ba su da kaya sun fi: cakulkuli, ɗagawa sama, lilo a hannu, ɓuya a bayan mayafi, waƙa mai motsin hannu. A irin waɗannan, mutum shi ne abin daɗin, ba yadda za a ci gaba sai da shi. Sirrinsu yana ga tsayawa. A ce "ɗaya, biyu…" sai a yi shiru, hannu a sama, fuska cike da jira. A ba shi daƙiƙa biyar, har goma. Duk abin da ya yi don a ci gaba, kallo ne, sauti ne, jan hannu ne, a amsa nan take: "uku!" Da haka yake gane cewa abin da ya yi yana motsa mutum. Kumfar sabulu da balan-balan suna aiki iri ɗaya, domin shi ba zai iya hurawa ba, dole ya nemi a hura masa.

Wannan jira shi ya fi wuya ga manya. Tausayi da zaƙuwa kan sa a cika wurin da tambayoyi: mene ne wannan, wane launi ne, ce "mota", ce "na gode". Wasa ya koma jarrabawa, yaro ya tashi. Ya fi kyau a rage tambaya a yawaita faɗin abin da ke faruwa, da jimla da ta ɗara tasa kaɗan. In ba ya magana, kalma ɗaya. In yana faɗin "ƙwallo", a ce "ƙwallo ta faɗi".

Wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na masu galahanga suna girma da ƙarancin magana ko babu ita. Waɗannan na buƙatar wata hanyar faɗin abin da ke ransu: hotuna da za su miƙa, alamun hannu, ko manhaja mai furta kalma in an taɓa. Tsarin miƙa hoto na PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙira a tsakiyar shekarun 1980, na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Iyaye kan ji tsoron kada hoto ya sa yaro ya ƙi magana. Bincike bai tabbatar da wannan tsoro ba. A wasu yaran ma magana ƙaruwa take yi. Kuma yaron da ya samu hanyar cewa "a'a" ko "na gaji" yakan rage ihu da cizo, tun da sau da yawa su ne kaɗai maganar da yake da ita.

Sai muhalli. A kashe talabijin, a rage kayan da ke gabansa zuwa biyu ko uku. Minti goma sau da yawa a rana, lokacin wanka, sa tufafi, shirin barci, sun fi dogon zama guda da zai ƙare da kuka. Abin da ya iya da uwa, a gwada shi da uba, da yayye, a wani ɗaki, da wata mota, don kada darasin ya tsaya a wuri ɗaya.

Sauran yara fa?

Lokacinsu na zuwa, amma da shiri. Abokin wasa ɗaya mai haƙuri ya fi goma. Wasa gajere mai bayyanannen tsari, kamar mirgina ƙwallo ko gina hasumiya bi da bi, ya fi "ku je ku yi wasa". A kuma tashi tun ana jin daɗi.

Shi abokin ma sai an koya masa: ya matso kusa kafin ya yi magana, ya nuna abin da yake nufi, ya jira amsa, kada ya yi fushi in ba a kalle shi ba. A 2012 Kasari ta gwada wannan da yara 60 a makarantun firamare na Los Angeles. An koyar da wasu masu galahangar kai tsaye, wasu kuma 'yan ajinsu aka koya wa yadda za su jawo wanda ke gefe. Inda aka koyar da 'yan aji ne kaɗaici a filin wasa ya fi raguwa, aka kuma samu ƙarin yaran da ke ambaton mai larurar a cikin abokansu.

Inda ake saɓani

Babbar muhawara a yau ta fito ne daga bakin manya masu galahanga waɗanda aka yi wa horo suna yara. Da yawansu na cewa an koya musu ɓad-da-kama ne: su danne kaɗa hannu da jijjiga jiki, su tilasta wa kansu kallon ido, su yi murmushin da ba su ji ba, su bi umarnin duk wani babba. Binciken da aka yi kan manya ya nuna wannan ɓoye kai na tafiya tare da damuwa da ƙuncin zuciya. Masu kare ABA kuma na cewa fannin ya sauya, an daina dukan yara, kuma akwai yaran da ta wannan hanya suka koyi shiga banɗaki, tsayawa a bakin titi, da daina buga kai a bango. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma yawancin tsare-tsaren wasa da aka ambata a sama sun ari dabaru daga ABA ɗin.

Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da larurar, ya kawo wata hujja a 2012: rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake. Kamar yadda mai galahanga ke wahalar karanta sauran mutane, haka su ma ke kasa karanta shi. A 2020 Catherine Crompton ta jami'ar Edinburgh ta gwada wannan da manya 72, inda ake ba mutum labari ya isar wa na gaba, shi ma ya isar. Jerin masu galahanga zalla sun riƙe labarin daidai da jerin marasa ita. Inda aka cakuɗa su ne labarin ya fi zubewa.

A ganina wannan ya isa ya sauya tambayar da ake yi kafin a koya wa yaro wani abu: amfanin wa za a yi? Iya neman taimako, iya ƙin abu, iya jiran juyinsa, iya shiga wasa in yana so, duk nasa ne. Hana shi kaɗa hannu lokacin murna don kada baƙi su kalla, wannan na manya ne. Kama haɓa a ce "kalle ni" ba shi da alaƙa da tarayyar hankali. Masu larurar da yawa sun ce kallon ido na hana su jin abin da ake faɗa. Kallon da ake so shi ne wanda yaro ya kawo da kansa domin akwai abin daɗi a fuskar. Jera murafai kuma ba laifi ba ne. A bar masa lokacinsa na yin haka shi kaɗai, domin hutunsa ne. Abin da ya wajaba a shiga tsakani a kansa shi ne wanda ke cutar da shi ko wani, kuma ko shi, a fara da neman abin da ke haddasa shi.

Akwai kuma saɓani kan yawan awanni da ƙarfin hujjojin kansu. Micheal Sandbank da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi kan ƙananan yara, suka nuna a 2020 cewa in aka ware gwaje-gwaje masu rauni, hujjar da ta rage ba ta da yawa, ko da yake tsare-tsaren koyarwa cikin wasa na cikin waɗanda suka fi tsayawa. A 2024 suka sake duba bincike fiye da 140 da ya shafi yara sama da 9,000, ba su ga tabbacin cewa ƙarin awanni na kawo ƙarin riba ba.

Me wannan ke nufi ga iyali?

Abu na farko, sauƙi ne ga wanda ba shi da halin biyan horon awa arba'in. Babu hujjar cewa ɗansa ya yi asara saboda haka. Abin da uwa, uba da yayye za su iya koya su riƙa yi a cikin harkokin gida yana da goyon bayan bincike. Amma kada a mayar da uwa malamar dole dare da rana, har in ci gaba ya yi jinkiri a ce laifinta ne. Yara sun bambanta ƙwarai: wani zai yi saurin kamawa, wani zai buƙaci tallafi mai yawa har girmansa, ko da an yi komai daidai. Waɗannan hanyoyi ba sa cire galahanga. Suna ƙara wa yaro hanyoyin sadarwa da jin daɗin zama da mutane.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma farawa da wuri na da amfani. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na ba da shawarar a duba kowane yaro yana wata 18 da kuma wata 24, kuma ƙwararre na iya gane larurar tun yaro na shekara biyu. Wanda ba ya amsa sunansa, ba ya nuni, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, a kai shi a duba, a kuma gwada jinsa, don kurumta na iya kama da haka. Ba sai an jira takardar likita ba kafin a fara irin wasan da aka bayyana, tun da ba ya cutar da kowane yaro. Wanda nasa ya kai biyar ko bakwai kuwa kada ya karaya, koyo bai rufe ba.

A yi hattara da masu tallan waraka. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar ya mutu a jihar Pennsylvania ta Amurka bayan an yi masa allurar da aka ce za ta fitar da ƙarafa masu guba daga jikinsa, kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta sha gargaɗi kan wani ruwan bilic da ake sayarwa da sunan maganin galahanga.

In an samu ƙwararre ko cibiya, akwai tambayoyin da ya kamata a yi tun ranar farko. Me za a koya wa yaron a watannin nan, kuma wa ya zaɓi waɗannan abubuwa? Me ake yi in ya yi kuka ko ya ƙi? Ana hana shi abin da yake buƙata ko ake riƙe shi da ƙarfi don ya bi umarni? Za a nuna wa iyaye dabarun su ci gaba a gida? Bayan 'yan makonni kuma a duba yaron kansa: yana zuwa da fara'a ko yana tirjewa a ƙofa, kuma ya fara kawo abu ya nuna ba tare da an ce ya kawo ba? Duk wurin da ya ƙi barin uwa ko uba su ga yadda ake yi da ɗansu, a nemi wani.